Dokar Dalton ta Ninkin Rabo: Ina Gaskiya, Ina Shaci-Faɗi?

Da zarar jarrabawar WAEC ta gabato, sai a ji ɗaliban kimistiri suna raɗa wa juna "sirrin" dokar ninkin rabo, wadda John Dalton, wani malami a Mancesta ta Ingila, ya fito da ita wajen 1803. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuma su ke kayar da ɗalibi.

Abin da dokar ta ce shi ne: idan sinadarai biyu suna haɗuwa su ba da abu fiye da ɗaya, to a tsayar da nauyin ɗayansu, sai a ga nauyin ɗayan ya fito a rabon ƙananan lambobi cikakku. Giram 12 na kabon yana ɗaukar giram 16 na oksijin ya zama CO, iskar nan mai kisa da gawayi ko janareta ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Ya ɗauki 32, ya zama CO2. Rabo 1:2 ke nan. Wannan ba ja.

Ƙaryar da ta fi yin ɓarna ita ce wai a kwatanta kason cikin ɗari kai tsaye. Oksijin kashi 57.1 ne a CO, 72.7 a CO2, kuma ko an kwana ana lissafi ba za su ba da 1:2 ba. Sai an raba kowanne da kason kabon ɗinsa, wato 42.9 da 27.3, a sami 1.33 da 2.66. Nan ninkin yake.

Akwai kuma masu cewa amsar kullum 1:2 ce. Ina! Giram 56 na baƙin ƙarfe yana ɗaukar oksijin giram 16 a FeO, amma 24 a Fe2O3. An raba, 1.5 ta fito, mai gaggawa ya cika ta zuwa 2, maki ya tafi. Ninkawa ake yi da 2, a sami 2:3. Wanda ya sami 1.98 kuwa yana iya rubuta 2, don kuskuren awo ne kawai.

Batun cewa ruwan Kano da na Yamai rabon haidurojin da oksijin ɗinsu ɗaya ne, gaskiya ne, sai dai dokar Joseph Proust ce, Bafaranshen da ya riga Dalton. Dalton zai shigo ne idan an ajiye H2O2 kusa da ruwan, inda giram 2 na haidurojin ke riƙe da oksijin giram 32 maimakon 16.