Adakar Littattafan Inna: Me Za Ki Miƙa Wa 'Yarki Ta Karanta?

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Safana da Batsari, ba a kuma maido da su ba sai a watan Disamba. Maza sun koka kan ciniki da rashin jin ɗuriyar 'yan'uwa, wannan kowa ya ji shi a rediyo. Amma akwai wani kukan da bai fita daga tsakar gida ba, ni ma a gidan yayata da ke garin Zakka na tsince shi. 'Yan mata da amare waɗanda suka saba bin labari shafi-shafi a WhatsApp sun wayi gari ba su san yadda ta kaya tsakanin amaryar labarin da uwargidanta ba.

Da ƙorafin 'yarta ta fari ya ishe ta, sai yayar tawa ta jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta ɗage zannuwan da ke sama. Ga littattafai nan sun fi talatin, wasu ba bango, wasu an ɗinke su da zare, duk suna ƙamshin turaren wuta. Yarinyar ta riƙe baki ta ce, "Inna, ashe ke ma kin yi karatun littafi?" Ita kuwa, da yake ba ta faɗin sunanta, sai ta ce, "Ke, tafi can. Tun ba a san za a haife ki ba."

To 'yan'uwana mata, abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, da yawanmu mun yi wannan karatu. Mun ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi, mun karɓo haya mun karanta da fitilar ƙwai, wasunmu har duka sun sha a kansa. Yau ga mu iyaye, kuma abin mamaki, ba mu san abin da 'ya'yanmu suke karantawa ba. Hani dai an gwada shi. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Karatun bai tsaya ba, ƙaura kawai ya yi zuwa cikin waya, inda sau da yawa ba a san ainihin sunan marubuciya ba, balle a ce wani babba ya duba rubutun kafin ya fita. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda ke kanki ba za ki iya karanta su a gaban maigida ba. Ni a nawa ganin, mafita ita ce uwa ta riga 'yarta karantawa, sannan ta zama tana da abin da za ta miƙa mata. Ga kaɗan daga waɗanda na karanta na kuma yarda da su, tare da inda nake da ja.

Na yara da masu son labarin aljanu

Mu Katsinawa ba baƙi ba ne a wannan fage. A gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, Malam Abubakar Imam yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki. Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da yara suke riƙewa shi ne ƙetar da suke ƙulla wa juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ki karanta musu bayan sallar isha'i ki ga yadda za su riƙe ciki don dariya. Sai dai ki shirya, domin Alhaji Imam ba waliyyi ba ne, yana ƙarya yana damfara, kuma wayayyen yaro zai tambaye ki dalilin da ya sa ya ci riba.

Ganɗoki na samari ne masu son jin ƙarar takobi: barde ne na Sarkin Sudan Nagwamatse da ya gwabza da Nasara, daga nan ya faɗa duniyar aljanu shi da ɗansa Garba Gagare. Yaron da ya tashi a ƙasar Ruma yana jin labarin Ɗanwaire a bakin kakanni ba zai sha wuyar shiga cikinsa ba. Haka ma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da aka haifa gurgu ya tashi ya zama gagarabadau. Asalinsa tatsuniyar mutanen Rasha ce aka yi mata rigar Hausa, shi ya sa za ki ji sunaye irin su Waldima da birnin Kib. Wanda kuma ya fi son sararin samaniya, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda yaro Kilba ya yi yawo cikin taurari.

Magana Jari Ce kuwa ba sai na tallata shi ba. Abin da kawai zan ce, duk uwar da ke zaune a yankin da ake rufe ƙofa tun magariba ta sake duba littafi na ɗaya da sabon ido. Aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Aikin da muke yi ke nan da samarinmu a 'yan shekarun nan, sai dai mu labarin ne ya kan ƙare mana.

Na soyayya

A nan ne rigimar take. Masu cewa soyayya baƙuwa ce a littafin Hausa su tuna cewa Jiki Magayi, ɗan gasar 1933 ɗin nan, a kan soyayyar Abubakar da Zainab aka gina shi, da yadda mai kuɗi ya raba su, da mugun abin da ramuwar gayya ta haifar. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe sai Yasir, wanda ba Bafulatani ba, ga kuma aljana ta shiga tsakani. Ɗan siriri ne, a wuni ɗaya za ki gama shi, kuma babu layin da za ki ji kunyar 'yarki ta gani.

Daga cikin na kasuwar Kano, wanda na fi so kowace uwa ta fara karantawa shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Abu yarinya ce mai ƙwazo da mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da take so ya guje ta don ya yi boko ita ba ta yi ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wasu iyaye suna ƙin littafin wai yana koya wa yara gudu daga ɗakin miji. Ni ban gan shi haka ba. Da mu iyaye marubuciyar take, don mu ga abin da gaggawarmu take jawowa. Ita kanta an aurar da ita tana ƙarama, saboda haka ciwon da ta sani ta rubuta. Akwai wurin daren farkon Abu da ke da nauyi ƙwarai. Ki karanta shi ke kaɗai tukuna, ki auna shekarun 'yarki.

Ɗan'uwansa, Alhaki Kuykuyo Ne, namu ne mu matan aure. Rabi tana da 'ya'ya tara, Alhaji Abdu yana ba ta kuɗin cefanen da ba ya isa, ya auro Delu daga bariki, rikici ya tashi, ya kori uwargida da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Da duniya ta juya wa Alhaji baya, sai aka taru a kanta a kan ta koma. Na ga mata biyu sun kusa ɓatawa a gidan suna saboda wannan ƙarshen: ɗaya ta ce haƙuri ne da ladarsa, ɗaya ta ce an dai sake ɗora mata kaya. Har yau ban tsayar da nawa ra'ayin ba. Littafin ya yi nisan da a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Sai tamu ta gida, Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki. Allura Cikin Ruwa, Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, su ne suka fi yawa a adakar yayata, kuma su ne suka fi yagewa don yawan aro. Matan Anti Bilki masu ilmin boko ne da na addini, masu tsabta da iya magana da miji, kuma ta san kishi ciki da bai. Inda nake da ja shi ne dukiya: motoci, gidajen bene, fita ƙasashen waje. Yarinyar da za a kai ɗakin ƙasa a Runka ko Zakka tana bukatar uwa ta gaya mata cewa ladabin da ilmin su ne na ɗauka, sauran adon labari ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ma yana da daɗi, amma wurin da Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad ba wurin da za a bar yarinya ta wuce shi ita kaɗai ba ne. Ki zauna da ita ku yi maganarsa, ki faɗa mata hukuncin Musulunci a kan wanda ya kashe kansa.

Masu nauyi

Akwai littattafan da ba don hira aka yi su ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa mun karanta shi a makaranta don cin jarrabawa, muka ɗauka tarihin zamanin bauta ne da ya wuce. Na sake buɗe shi bayan abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, wallahi ban iya gama shi a zama ɗaya ba. An sace Umar yana ƙaramin yaro, aka bi da shi hannu-hannu har ya ƙetare Sahara. Mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, kuma ba ta daɗe ba bayan ta sa shi a ido Allah ya karɓi abinsa. Sunan littafin na ɗan ne, amma a wurina labarin na uwar ne. A Safana da Batsari akwai matan da ba sai an fassara musu wannan ba. Kada ki ba wadda ciwon bai warke mata ba. Wadda kuwa Allah ya tsare, ta karanta don ta san abin da maƙwabciyarta take ɗauke da shi.

Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wani Bakatsinen, ya fito a 1982. Mailoma ya dawo daga yaƙin basasa ya kafa ƙungiyar ta'addanci da makamai. Akwai zubar da jini da yawa, ba na yara ba ne ko kusa, amma wanda ya karanta shi zai yi mamakin yadda marubuci ya hango abin da bindiga take zama in ta faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, na 2003, yana bin rayuwar yarinyar da auren da ba ta so ya tura bariki. Na manya ne shi ma, kuma Hausarsa abar koyo ce. Ga mai ɗan da ke ɗokin tafiya birni, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya isa.

Kada kuma a ce duk na da ne. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, kuma wadda ta fara lashe ta, Aisha Muhammad Sabitu, 'yar Jihar Katsina ce, da labarinta Sansani, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Irin waɗannan an tace su, kuma da murya aka watsa su, saboda haka ko wadda ba ta iya karatun boko ba za ta amfana.

Tsofaffin na Zariya har yanzu ana samunsu a shagunan littattafan makaranta. Ki sa a cikin saƙon mai zuwa Katsina ko Dutsin-Ma. Na su Anti Bilki ne suka yi wuya, sai an tona adakar yayye da gwaggonni, kuma in kin ara ki mayar, don rashin mayarwa ne ya cinye na mutane da yawa.

Ita dai 'yar yayata, kafin a maido da layi ta cinye adakar nan kaf, har tana karanta wa kakarta Ruwan Bagaja da rana a gindin darbejiya. Wayar ta dawo, ta koma mata, ba zan ɓoye muku ba, sai dai yanzu ta kan kawo wa innarta ta ce ta duba mata wannan. Saƙon da ta aiko mini kwanan baya shi ne in nemo mata Allura Cikin Ruwa na biyu, domin na innarta tun kafin a haife ta wata maƙwabciya ta ara, aka yi mata aure a Jibiya ta tafi da shi.