Ƙuri'u Miliyan 12: Darasi Daga Zaɓuka Biyar Na Buhari

Sau biyar marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya takarar shugabancin Najeriya. Ya sha kaye sau uku, ya yi nasara sau biyu. Duk mai son gane yadda ake cin zaɓe a ƙasar nan, ya zauna ya nazarci alkaluman waɗannan zaɓuka.

A 2003, ƙarƙashin ANPP, ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 12.7, Olusegun Obasanjo kuma miliyan 24.5. Guguwarsa ta wannan shekara tana cikin abin da ya kai Malam Ibrahim Shekarau gidan gwamnatin Kano. A 2007 aka ce miliyan 6.6 ya samu, a zaɓen da shi kansa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yarda yana da kurakurai. A 2011 ya fito a sabuwar jam'iyyarsa CPC, ya lashe jihohi 12 na Arewa da ƙuri'u miliyan 12.2, amma Goodluck Jonathan ya samu miliyan 22.5. Rikicin da ya biyo baya ya ci ɗaruruwan rayuka.

Talakan Arewa bai gaza ba. "A kasa, a tsare, a raka," haka ake cewa, kuma haka ake yi: mutum ya jefa ƙuri'arsa, ya tsaya a rana har a ƙirga, sannan ya bi akwati da ƙafa zuwa wurin tattara sakamako. Sai dai tsarin mulki ya gindaya sharaɗi biyu: rinjayen ƙuri'u, da kuma kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Farin jinin yanki guda, komai yawansa, ba ya cika sharaɗi na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haɗakar 2013 ce ta sauya lissafi, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC. A zaɓen 28 ga Maris, 2015, Buhari ya samu miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.9. Kano kaɗai ta ba shi miliyan 1.9, amma sabon abu shi ne jihohi biyar daga cikin shida na Kudu maso Yamma da suka faɗo hannunsa. Karo na farko ke nan da aka kayar da shugaba mai ci a Najeriya. A 2019 ya maimaita da miliyan 15.2, Atiku Abubakar kuma miliyan 11.3.

Tazarar da ke tsakanin faɗuwarsa ta 2011 da nasararsa ta 2015 ƙuri'u miliyan uku ne da 'yan kai, kuma ƙawance ne ya kawo su. Wannan sharaɗi na kashi 25 alheri ne ga ƙasa mai al'ummomi da yawa, domin yana tilasta wa mai neman mulki ya je ya nemi yardar waɗanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba.