Kamara marar madubi ko ta aljihu: wacce ta cancanci kuɗin mai saye?

Duk wanda ya tara kuɗi da niyyar sayen na'urar ɗaukar hoto a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, galibi iri biyu ne za su tsaya masa a rai. Akwai ƴar ƙaramar kamara da ke shiga aljihun riga, wadda gilashinta ke fitowa in an kunna, ya koma ciki in an kashe. Akwai kuma wadda ake kira marar madubi, masu kanti na ce mata ibrid da Faransanci, wadda ake iya cire gilashinta a sa wani. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Lokacin da kamfanin Canon ya fitar da EOS R50 a 2023, dala 680 ya sa mata ba tare da gilashi ba, wato wajen jika 400 na CFA, kafin a ƙara kuɗin jigila da na duwan. Ga saurayin da ke son ya riƙa ɗaukar hoton aure da suna ya ci abinci, wannan shi ne jarinsa gaba ɗaya, kuma in zaɓin ya karkace da wuya a mai da kuɗin.

Sunan marar madubi ya samo asali ne daga manyan kamarorin da aka saba gani a wuyan masu hoto. A cikinsu akwai madubi da ke karkata haske zuwa tagar da mai ɗauka ke leƙawa, sai ya ɗaga sama a daidai lokacin da aka danna. A 2008 kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1, wadda ta jefar da madubin: haske na faɗawa kai tsaye kan farantin da ke kama shi, mai ɗauka kuma na ganin hoton a allo. Jiki ya ƙanƙance, nauyi ya ragu. Sony ya biyo baya a 2010, Canon a 2012, kuma yau kusan duk sababbin kamarori masu canjin gilashi irin wannan ne.

A daidai wannan lokaci kasuwar ƙananan kamarori ta rushe. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kamara ta Japan sun nuna an fitar da fiye da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, kuma na aljihu ne suka fi shan kashi, domin wayar salula ta cinye aikinsu. Wannan na da ma'ana ga mai saye: mafi yawan na aljihu da zai tarar a kanti tsofaffin ƙira ne, ko kuma waɗanda aka yi amfani da su.

Girman faranti, ba yawan megafiksel ba

Mai sayarwa yakan fara da megafiksel, domin ita ce lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali. Canon IXUS 285 HS ta aljihu na da miliyan 20, Sony a6000 marar madubi na da miliyan 24. A takarda kamar tazarar kaɗan ce. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin farantin da ke karɓar haske. Na ƙaramar kamarar bai wuce milimita 6,2 da 4,6 ba, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na a6000, wanda ake kira APS-C, milimita 23,5 ne da 15,6, wato ya ninka wancan kamar sau 13. Misalin mutum biyu ne da suka fita tarar ruwan sama, ɗaya da kofin shayi, ɗaya da roba.

Da rana tsaka a fili, ba kowa zai gane bambancin ba, musamman in a waya za a kalli hoton. Matsalar tana fitowa bayan magariba, ko cikin ɗakin amarya da ƙwan lantarki guda. A nan ƙaramin faranti ba ya samun isasshen haske, sai kamarar ta ƙara wa kanta ƙarfi, hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi, zanen lalle da ɗinkin shadda su narke. Ko kuma ta daɗe tana karɓar haske, duk wanda ya motsa ya fito dishi-dishi. Fatar da ke da duhu ta fi shan wahala a wannan yanayi, domin inuwar fuska ce ke fara lalacewa. Tunda yawancin shagalin biki da yamma ko da dare ake yi, wannan kaɗai ya isa ya sa mai neman sana'a ya kau da kai daga na aljihu masu arha.

Sai dai ba duk na aljihu ne haka ba. A 2012 Sony ya fitar da RX100, mai faranti milimita 13,2 da 8,8, wanda ya ninka na ƙananan sau 4, kuma har yanzu tana shiga aljihu. Canon G7 X Mark III ta 2019 irin wannan faranti gare ta, ga kuma gilashi mai faɗin ƙofa. Lambar f da ake rubutawa a bakin gilashi ita ke nuna faɗin ƙofar haske, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin G7 X na farawa daga f/1.8, shi kuwa wanda ake haɗawa da Canon R50 ko R100 a kwali daga f/4.5 yake farawa. Na farkon ya fi na biyun shigar da haske fiye da sau 6. Ma'ana, marar madubi da gilashin da ta zo da shi ba lalle ta fi ta aljihu mai kyau a cikin duhu ba, abin da masu kanti ba su cika faɗa ba. Sai dai waɗannan na aljihun tsada gare su: RX100 VII dala 1.200 aka sa mata a 2019, ita kuma G7 X ta yi ƙaranci a kasuwannin duniya bayan matasa masu TikTok sun yi mata rububi, har farashinta ya haura na asali.

Ƙarfin marar madubi yana bayyana ne ranar da aka saya mata gilashi na biyu. Na milimita 50 mai f/1.8 yana cikin mafi arha a wajen Canon da Sony, kuma yana shigar da haske kamar sau 12 fiye da gilashin kwalin R50 in an zuƙo shi zuwa ƙarshe. Shi ne ke fitar da irin hoton da amare ke so, fuska tas, baya kuma a narke. Aibinsa shi ne ba ya zuƙowa ba ya ja da baya, kuma a ƙaramin ɗaki mai hoto zai dangana da bango bai kwashe mutum huɗu ba. Saboda haka duk wanda zai shiga wannan hanya ya lissafa kuɗin gilashi tun farko, da batir na biyu, da jaka, da filashi na ɗorawa a sama. Jikin kamarar rabin kashe kuɗin ne kawai.

Ƙura, zafi da hasken rana

Kamfanonin Japan ba da hazon hunturun Damagaram a zuciya suka ƙera kayansu ba. Mutane da yawa na ɗauka cewa ta aljihu ta fi tsira daga ƙura tunda ba a buɗe ta. Gaskiya ne ba a buɗe ta, amma gilashinta na fita yana komawa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, kuma kowace tafiya tana jan iska da ƙura ciki. Ƙwayar rairayi guda in ta shiga tsakanin zobban gilashin tana iya maƙale shi, kamarar ta ƙi buɗewa. In kuma ƙura ta kai kan faranti, baƙin ɗigo zai riƙa fitowa a wuri guda a kowane hoto, kuma babu hanyar goge shi sai an warware na'urar baki ɗaya. Sau da yawa kuɗin gyara ya fi darajarta.

Marar madubi ta fi saurin kwasar ƙura, domin da zarar an cire gilashi farantin yana nan tsirara. Amma ana iya tsabtace shi da ƴar robar hura iska, ko da auduga ta musamman da ake sayarwa don wannan aiki. Ba a hura shi da baki, ba a taɓa shi da gefen riga. Masu sana'a kan canza gilashi a cikin ɗaki ko mota, bakin kamarar na kallon ƙasa, ba a tsakiyar filin kokowa ba. Ga wanda aikinsa na karkara ne, kamar ma'aikacin gona, na dabbobi ko na ƙungiyar agaji da ke buƙatar hoton rahoto, akwai wani iri na aljihu da aka rufe ruf: Olympus Tough TG-6 da magajiyarta TG-7 ta 2023. Gilashinsu ba ya fitowa waje, ƙura ba ta shiga, suna jure ruwa har zurfin mita 15. Farantinsu ƙarami ne, don haka dare ba nasu ba ne, amma a kan babur tsakanin ƙauyuka sun fi kowace daɗewa.

Zafi ya shafi duka biyun. Yawancin kamarori an rubuta musu aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu garuruwan ƙasar nan kan wuce haka. Ga hoto ba ya cika zama matsala, amma in ana ɗaukar bidiyo mai tsawo, musamman 4K, kamarar na iya kashe kanta har sai ta huce. Barinta cikin mota a rufe ko kan tabarma a rana yana kashe batir da wuri.

Wani abu da ake mantawa shi ne tagar leƙe. Da hantsi a filin idi allon baya ba ya ganuwa, mutum sai dai ya yi ta harbi da ka. Sony a6000 da Canon R50 da R100 suna da taga. Nikon Z30 da Sony ZV-E10, waɗanda aka yi domin masu bidiyo, ba su da ita, haka ma G7 X da yawancin na aljihu. A ƙasar da rana ke da irin wannan ƙarfi, wannan ƴar taga ta fi ƙarin megafiksel amfani nesa ba kusa ba.

Inda ta aljihu ta yi nasara

Nauyi da zuƙowa. IXUS 285 HS ba ta kai giram 150 ba, RX100 wajen 240, ita kuwa R50 giram 375 ce kafin a ɗaura gilashi, kuma ba ta shiga aljihu ko da na babbar riga ne. Kamarar da aka bari a gida saboda nauyi ba ta ɗaukar komi. Ga mai tafiya aikin hajji, ko uwar da ke son hoton yara ranar Sallah, wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Sannan wasu na aljihu, irin jerin Lumix TZ na Panasonic, suna zuƙo abu har sau 30 da gilashi na gaske. Daga bayan taro a hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko daga saman benci a gasar takobi, za su kawo fuskar mahayi ko ta ɗan kokowa kusa, abin da waya ba ta yi sai ta farfasa hoton, marar madubi kuma sai da dogon gilashi mai tsada.

In ba don zuƙowa da filashi ba, ta aljihu mai arha ba ta da wani abin a zo a gani da ta fi wayar zamani mai kyau. Wayar na haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta fitar da guda mai haske, kuma nan take ake turawa. Mai irin wannan waya da ke son hoton iyali kawai, zai fi kyau ya riƙe kuɗinsa.

Kafin a miƙa kuɗi

Tunda kaya da yawa na hannu ne, daga Turai, Dubai ko ta Kano suke shigowa, dubawa ta zama dole. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, a buɗe shi sosai a nemi baƙaƙen ɗigo. A haska gilashi da tocilar waya: in an ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce ta kayan da suka zauna a wuri mai laima, kuma ba ta gogewa daga waje. A kunna ta aljihu a kashe sau da yawa a saurari ko gilashin na ƙara ko yana tsayawa. A tambaya ko ana samun batirinta a gari, kuma ko tana caji ta USB, domin wadda ke karɓar caji daga batirin ajiya na waya ba ta barin mai ita a tsaye in wuta ta ɗauke ana tsakar biki. Caji guda na irin waɗannan kamarori hoto 200 zuwa 400 yake bayarwa, abin da bai isa yinin aure ba. Katin ajiya ma a saye shi inda aka yarda da su, domin na jabu kan nuna babban wuri a rubuce, ya haɗiye hotuna in ya cika.

Akwai kuma tarko guda da ya kamata a sani. Canon ya daina ƙera jerin EOS M, irin su M50 da ta yi farin jini tun 2018, kuma gilasanta ba sa hawa kan sababbin kamarorin jerin R. Tana ɗaukar hoto mai kyau har gobe, kuma in farashin ya faɗi sosai ba laifi, amma mai niyyar tara gilasai shekara da shekaru gara ya fara da Sony mai bakin E, Canon mai bakin RF ko Nikon mai bakin Z. Tsohuwar a6000 ta 2014, in an same ta da lafiya, har yanzu tana karɓar duk gilasan bakin E da ake ƙerawa yau, na Sony da na wasu kamfanoni irin su Sigma da Tamron.