"Outright": kalmar Ingilishi da ba ta barin sauran magana

Da an kammala girbin hatsi da wake, samarin Ɗan Gulbi da sauran ƙauyukan Dakoro sukan kama hanyar Maradi, su tsallaka ta Jibiya zuwa Katsina, Kano ko Legas cin rani. A can ne suke cin karo da wata kalma a allunan dillalan filaye da takardun cinikin babur: "outright". Wanda ya yi lakkol a Nijar, Faransancinsa ba ya fisshe shi a nan.

Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu a haɗe: abu ya auku gaba ɗaya, kuma kai tsaye. Idan an ce hukuma ta haramta abu "outright", ta hana shi ɗungurungum ke nan, ba rabi da rabi ba. Wanda ya ƙi tayi "outright" ya ƙi ƙememe, bai ce a ba shi lokacin shawara ba. Ƙarya kuwa in an jingina mata kalmar, ta zama ƙarya tsagwaronta.

Masu bin siyasa sun san ta da wani suna. A zaɓen 21 ga Fabrairu 2016, magoya bayan Mahamadou Issoufou sun yi alkawarin "coup K.O.", wato lashewa tun zagayen farko. Ya samu kashi 48 cikin ɗari da ɗoriya, dole aka je zagaye na biyu ranar 20 ga Maris. A bakin masu Ingilishi, bai ci "outright" ba: ya zo na ɗaya, amma magana ba ta ƙare ba.

A ciniki ne kalmar take da haɗari. Dillalin babur a Kano zai iya faɗin farashi biyu. Na "outright" ya fi sauƙi, domin kuɗi hannu ne, kuma daga ranar babur da takardunsa sun zama na mai saye. Ɗayan na biya kaɗan-kaɗan ne, kuma sau da yawa abin hawan yana nan a sunan mai shi har sai an cika biya. Masu fassara ta da "au comptant" sun kama rabin zancen kawai. Wannan yana bayanin yadda aka biya ne, alhali "outright" ta haɗa har da cewa mallaka ta koma hannun wani, ba sharaɗi.

Manomin Ɗan Gulbi bai buƙatar a koya masa wannan bambanci, da shi ya tashi. Gonar da aka ba da jingina tana dawowa ranar da aka mai da kuɗi, ta aro ma haka, amma wadda aka sayar ta tafi har abada. Shi ya sa kwamitocin Cofo, waɗanda dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanada, suke ba da takarda daban ga saye, daban ga jingina, daban ga aro. Ɗan cin ranin da ya bar fili ko keken ɗinkinsa a hannun wani a Kano don ya karɓi kuɗin mota zuwa gida, a ransa jingina ya yi. In takardar da ya dangwala wa hannu ta ce "outright sale", a gaban alƙali sayarwa ce.