DOGE: Yadda barkwanci kan hoton wata karya ya zama sunan hukuma a Amurka

A watan Fabrairun 2010, wata malamar makarantar ƙananan yara a garin Sakura na ƙasar Japan ta ɗora hotunan karyarta mai suna Kabosu a intanet. A ɗaya daga ciki, karyar na kwance a kan kujera ta harɗe ƙafafun gaba, tana kallon gefe kamar mai zargin wani abu. Shekara 15 bayan haka, sunan da aka laƙaba wa hoton nan ya hau kan takardar umarnin shugaban Amurka.

Asalin wasan

Kalmar "doge" da ma'anar kare ba ta da gurbi a daidaitaccen Turanci. Da gangan aka gurɓata rubutun kalmar da ke nufin kare domin a ba da dariya. A 2013 matasa suka riƙa ɗaukar hoton Kabosu suna zagaye fuskarta da gajerun kalmomi masu launi daban-daban, waɗanda ke nuna abin da karyar ke saƙawa a ranta. Gishirin wasan shi ne karya dokar nahawu: a haɗa kalmomin da ba sa zama tare, kamar Bahaushe ya ce "mamaki ƙwarai, kyau masu yawa". Duk wanda ya rubuta daidai ya ɓata wasan.

Daga dariya zuwa kasuwa

A Disambar 2013, injiniyoyin kwamfuta biyu, Billy Markus da Jackson Palmer, suka ƙirƙiro kuɗin intanet mai suna Dogecoin, da fuskar Kabosu a matsayin tambari. Manufarsu ita ce su yi wa masu rububin Bitcoin shaguɓe. Da farko masu riƙe da shi sun fi yin suna wajen taimako: a 2014 sun tara kuɗin da ya taimaka wa 'yan wasan Jamaika zuwa gasar Olamfik ta hunturu a Sochi, suka kuma tallafa wa haƙa rijiyoyi a Kenya.

Al'amarin ya sauya da attajiri Elon Musk ya fara yaɗa shi a Twitter. A watan Mayun 2021 farashinsa ya haura santi 70 na dala, jimillar darajarsa ta wuce dala biliyan 80. Daga nan ya faɗo, waɗanda suka saya a makare suka tafka asara. A Afrilun 2023, bayan Musk ya sayi Twitter, ya sauya tsuntsun tambarin kamfanin da fuskar Kabosu na 'yan kwanaki.

Shiga gwamnati

A Nuwambar 2024, zaɓaɓɓen shugaba Donald Trump ya sanar da cewa Musk da Vivek Ramaswamy za su jagoranci wani sashe na rage ɓarnar kuɗin gwamnati. An tsara sunansa na Turanci yadda haruffan farko za su ba da DOGE. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu a kan umarnin kafa shi, yayin da Ramaswamy ya janye.

Sunan ya ce ma'aikata ce, amma majalisar dokoki ce kaɗai ke da ikon kafa ma'aikata a Amurka. Wani tsohon ofishin fasahar zamani da ke ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa aka sauya wa suna. Saboda haka Musk ya samu iko mai faɗi ba tare da majalisar dattawa ta tantance shi ba. Ya fara da alƙawarin rage dala tiriliyan 2, ya sauko zuwa tiriliyan 1, a Afrilu kuma ya ambaci biliyan 150. Ya bar aikin a ƙarshen Mayu.

Inda abin ya shafi Najeriya

Hukumar raya ƙasashe ta USAID na cikin waɗanda DOGE ta fara dirar wa. A watan Maris, sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryenta, a farkon Yuli kuma ta daina aiki. Najeriya ta daɗe tana dogaro da tallafin Amurka wajen yaƙi da cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro da kuma ciyar da yara masu tamowa a arewa maso gabas. A Fabrairun 2025 majalisar dokokin ƙasar ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓin.

Amfanin da sunan ya yi wa masu shi a fili yake. Abin da ya zo da rigar wasa ba ya saurin tayar da hankali, mai sukarsa ma sai a ce bai san raha ba. Shi ya sa ya kamata mai bibiyar siyasa, bayan ya gama dariya, ya tambayi wa ya ba da ikon, wa ke sa ido a kansa, kuma wa zai ɗauki asarar.

Kabosu ba ta ga wannan zangon ba. Ta mutu ranar 24 ga Mayun 2024 tana da shekara 18, bayan an kafa mata mutum-mutumi a Sakura.