Kalori nawa mai son rage ƙiba ya kamata ya ci a rana?

A Garo da ke ƙaramar hukumar Kabo, kamar sauran garuruwan yankin Gwarzo, manomi kan tashi da koko da ɗumame, ya sha fura da rana, ya rufe da malmalar tuwon dawa biyu da dare, kuma ba a ganin tumbi a jikinsa. Ɗan'uwansa da aiki ya kai Sakatariyar Audu Bako, ko kasuwanci ya zaunar a Kantin Kwari, ya taho birni da irin wannan cin, ya bar fartanya a gida. Bayan 'yan shekaru riga ta matse, sai a riƙa yi masa barka da hutu. Sau da yawa hawan jini da ciwon sukari na biye da wannan barkar.

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari na ba da kalori 4, haka ma furotin na nama da wake, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya adana shi a matsayin kitse. Hukumar lafiya ta Birtaniya na ƙiyasta cewa namiji na buƙatar kusan kalori 2,500 a rana, mace kuma 2,000. Wannan adadi ne na kowa da kowa, bai san mai noma da mai zaman kujera ba.

Don samun adadin da ya dace da mutum shi kaɗai, masana abinci kan yi amfani da lissafin Mifflin da St Jeor na shekarar 1990. Ana ninka nauyi a kilo sau 10, a ƙara da tsawo a santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Abin da ya fito shi ne abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum a kwance ya wuni.

A ɗauki misalin ma'aikaci mai shekara 45, tsawonsa santimita 170, nauyinsa kilo 90. Lissafin zai ba da kusan 1,740. Tun da daga mota sai ofis, ana ninka wannan da 1.2, ya zama kusan 2,100. Sa'ansa da ya rage a Garo, tsawonsu ɗaya amma nauyinsa kilo 65, zai sami kusan 1,490. Idan aka ninka da 1.7 saboda aikin damina, ya haura 2,500. Wato siririn ya fi mai tumbin buƙatar tuwo, duk da cewa a gidan biki mai tumbin ake cika wa kwano.

Daga 2,100 ɗin nan ake ragewa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a cire kalori 500 zuwa 600 a rana, abin da kan kawo raguwar kusan rabin kilo a mako. Ma'aikacin zai tsaya ke nan a wajen 1,600. Wanda ya yi gaggawa ya zaftare rabin cinsa, yunwa kan kayar da shi cikin makonni, tsoka ta zube tare da kitse, ya koma gidan jiya. Kuma yayin da nauyi ke sauka buƙatar jiki ma na sauka, don haka sai a sake lissafi bayan an zubar da kilo huɗu ko biyar. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kawai, wato kilo 5 zuwa 9 ga wannan mutum, ya isa ya sassauta hawan jini da sukari.

Wahalar tana wajen ƙirga. Tuwo ba ya zuwa da takarda a jikinsa, kuma inda ake haɗa hannu a faranti ɗaya babu mai sanin loma nawa ya kai. Matakin farko shi ne mutum ya ware kwanonsa, ko da za a yi masa tsiya. Na biyu ya san inda kalorin ke ɓuya, domin ba tuwon ne babban ɓarawo ba. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, kuma mai zuba wa wake da shinkafa ko ɗanwake mai ba ta tsayawa a cokali ɗaya. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, a duba nawa mai shayi ke juyewa a kofi. Kwalbar lemo mai sukari ta rabin lita na iya kai wa 200, daidai da kofin dafaffiyar shinkafa, ba kuma ta ƙosar. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma giram 100 ya haura kalori 550, ga shi ana watsa ta a baki ana ciniki. Barin lemo ɗaya, da cokali biyu na mai, da sukari cokali huɗu ya riga ya cika 500 ba a taɓa malmala ba. Miyar kuka, zogale, rama da kabewa kuwa suna cika ciki da ɗan kaɗan. A watan azumi ma lissafin bai canza ba: ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari a buɗa-baki na iya mayar da duk abin da wuni ya rage.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 ke da rama. Saboda haka lissafin ba na kowa ba ne. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara ba sa cikinsa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya rage ci sai ya ga likita, don sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ya sume. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ya nufi asibitin Gwarzo ko na Malam Aminu Kano a yi masa gwajin sukari da na tarin fuka.