Aiki da Karatun Jami'a: Yadda Akawu ko Malami Zai Riƙe Su Biyu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka akwai malaman makaranta da akawuna da yawa waɗanda tilas ta sa su tauna biyun, watau su yi aikin albashi da rana, da dare kuma su buɗe littattafan jami'a. Ba su da halin ajiye aiki, gama da albashin nan ake ci a gida, ba su kuma da halin barin karatu, gama sun ga ƙannensu suna wuce su a muƙami saboda takardar digiri. To, abin yana yiwuwa, amma yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya shiga bai san su ba yakan yi asarar kuɗinsa da lafiyarsa, wani lokaci har da aikin nasa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga mutanen da ba sa zaune cikinta, mutum ya yi karatu a garinsu, ya ɗauki jarrabawa, in ya ci a ba shi digiri. Kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, ta nan 'yan Nijeriya da dama suka sami ilmi mai zurfi, darussa suna zuwa musu ta gidan waya. Obafemi Awolowo yana cikinsu. Ya yi malanta, ya yi akawu, ya yi aikin jarida da fatauci, cikin wannan fama ya sami digirin ciniki na Landan a 1944, sa'an nan ya tafi Ingila ya zama lauya a 1946.

Labarin wani akawu

Amma labarin da ya fi dacewa da akawu shi ne na Nelson Mandela, domin a cikinsa akwai ci, akwai kuma faɗuwa. A 1941 ya zo birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu bai gama digirinsa ba, ya sami aikin akawu a ofishin waɗansu lauyoyi, ana biyansa fam 2 a mako. Daga ciki yakan biya sule 13 da kwabo 4 kuɗin ɗaki kowane wata a unguwar Alexandra, da fam 1 da kwabo 10 kuɗin mota, da wajen fam 1 na abinci. Sauran kuma ya biya kuɗin karatu ta wasiƙa a Jami'ar Afirka ta Kudu, ya sayi kyandir, domin ba shi da kuɗin fitilar kananzir. Sau da yawa yakan taka mil 6 da ƙafa zuwa ofis, ya tako mil 6 zuwa gida, don ya rage kuɗin mota. Da wannan hali ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe a ƙarshen 1942, aka ba shi digiri a 1943.

A shekarar nan ta 1943 ya shiga Jami'ar Witwatersrand neman digirin shari'a, yana nan kuma bisa aikinsa. Sai kaya suka yi ta ƙaruwa. A 1944 ya yi aure, a shekarar kuma shi da abokansa suka kafa reshen samari na jam'iyyar ANC, taro ya cinye darensa. Gidansa yana nesa da jami'a, ga wulakancin wariyar launin fata, shi kaɗai ne baƙar fata a sashen. Ya faɗi jarrabawar shekarar ƙarshe ba sau ɗaya ba. A 1949 ya roƙi a ba shi damar sakewa, aka ƙi. Ya bi ta wata jarrabawa dabam ya zama lauya, ya buɗe ofishinsa a 1952, amma digirin nan bai zo hannunsa ba sai a 1989, yana kurkuku, shekara 46 bayan ya fara nemansa.

Ku duba da kyau. Mutumin ɗaya ne, basirarsa ɗaya ce. Lokacin da kayansa biyu ne, aiki da karatu, talauci bai hana shi ci ba. Da suka zama huɗu, aiki da karatu da iyali da siyasa, sai karatun ya zube. Ashe ba ƙarancin kuɗi ne babban maƙiyin mai karatu yana aiki ba, ƙarancin lokaci ne.

Kwame Nkrumah na Ghana ya nuna mana wani gefen. Ya tafi Amurka a 1935, ya gama Jami'ar Lincoln a 1939, ya ci gaba a Jami'ar Pennsylvania. Don ya ciyar da kansa ya sayar da kifi a unguwar Harlem, ya yi aiki a masana'antar sabulu, ya wanke kwanuka cikin jirgin ruwa. Daga baya ya kama aikin dare a wurin ƙera jiragen ruwa a garin Chester, daga sha biyun dare zuwa takwas na safe, cikin tsananin sanyi, da rana kuma karatu. Ƙarshenta ciwon huhu ya kwantar da shi asibiti. Jiki ba ya yafe bashin barci.

Lissafin sa'o'i

Kowane akawu ya san ba a kashe kuɗin da babu shi cikin baitulmali. To, haka lokaci yake. Mako ɗaya sa'a 168 ne. A cire barcin sa'a 7 kowane dare, watau 49, saura 119. A cire sa'a 40 na aiki, saura 79. In muka ba tafiya da dawowa, da salla, da cin abinci, da wanka, da hidimar gida sa'a 6 kowace rana, 42 sun tafi, saura 37. Cikin 37 ɗin nan ne za a yi zumunci, a je suna da jana'iza, malami ya shirya darasin gobe ya duba littattafan yara. Mai gaskiya da kansa zai ga da ƙyar ya tsira da sa'a 20 na karatu.

Yanzu a dubi abin da jami'a take bukata. A jami'o'in Nijeriya ɗalibin da ba shi da wani aiki yakan ɗauki darussan da ba su kasa sa'a 15 na lacca a mako ba. Malaman jami'a kuwa sun daɗe suna cewa kowace sa'a ɗaya ta lacca tana son wajen sa'a biyu na bitar ɗalibi shi kaɗai. Ga 15, ga 30, sun zama 45. Watau cikakken karatun jami'a shi kansa cikakken aiki ne, har ya ɗara. Shi ya sa Ingila da Amurka suka ƙayyade wa ɗaliban digiri baƙi aikin da bai wuce sa'a 20 a mako ba lokacin da makaranta take buɗe. Mai cikakken aiki sai ya juya lissafin, ya ɗauki rabin darussa, ya yarda abin da wani zai gama cikin shekara 4 shi ya kai shi 6 ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanyoyin da suke akwai

Masu karatu na yau sun fi su Awolowo sauƙi. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don malamin da yake bakin aiki ya ƙara ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Jami'o'i da kwalejojin ilmi da dama suna da karatun ƙarshen mako da na lokacin dogon hutu. Darasin da dā yakan yi makonni a hanya, yanzu yana zuwa cikin waya ta intanet. Sai dai kafin mutum ya biya ko kwabo, ya tabbata hukumar da take kula da jami'o'i ta amince da makarantar da kuma darasin, kada ya yi shekaru yana wahala ya fito da takardar da ba ta da daraja.

Sharuɗɗan da za a kiyaye

Na fari, kada a yi karatu a ɓoye. Ka sanar da shugabanka a rubuce, ka nemi izni, ka nemi hutun jarrabawa tun da sauran lokaci. Wanda ya ɓoye, ran da jarrabawa ta haɗu da ranar biyan albashi ko zuwan mai duba makarantu, sai ya yi ƙaryar ciwo, daga nan mutuncinsa ya fara zubewa.

Na biyu, kada a ci amanar aiki. Malamin da ya ba yara aikin kwafa daga allo ya koma ƙuryar aji yana karatun kansa, ya sayi digirinsa da ilmin 'ya'yan mutane. Akawun da ya bar talaka tsaye bakin taga yana haddace darasi, shi ma haka. Ba a biyan albashi don wannan.

Na uku, a tsai da lokaci ɗaya kada ya motsa. Sa'a 2 bayan asuba, kafin gari ya waye hayaniya ta tashi, sun fi sa'a 4 na dare bayan an dawo a gajiye. Sa'a 2 kullum, da ƙarin sa'a 3 ran Asabar da 3 ran Lahadi, sun cika 20 daidai.

Na huɗu, a zauna da iyali a yi shawara. Kuɗin makaranta daga tukunyar gida zai fito, lokacin karatu kuma daga hirar gida. Maiɗakin da aka gaya mata shekara nawa abin zai ɗauka, da abin da za a samu a ƙarshe, ita ce za ta kore maka yara da baƙi daga bakin ƙofa. Mace mai aiki da karatu kuwa, wadda girki da reno suke jiranta, ta fi kowa bukatar maigida ya rage mata kaya.

Na biyar, a rage kaya na uku. Shugabancin ƙungiya, da sakatarcin kulob, da yawon siyasa, duk suna iya jira. In lalura ta zo, kamar ciwo ko canjin wurin aiki, gara a rubuta wa jami'a a nemi ɗage zango ɗaya da a shiga jarrabawa ba shiri.

Saboda haka duk wanda yake da niyyar shiga wannan hanya bana, kafin ya cika takardar neman shiga, ya ɗauki fensir da takarda ya rubuta sa'o'insa na mako kamar yadda yake rubuta kuɗin shiga da na fita. In ya sami 20 da babu hakkin kowa a cikinsu, ya shiga da ƙarfin zuciya. In bai samu ba, ya fara gyara lissafin tukuna.